Kafaffen jari: abin da alƙaluma ke faɗi, da abin da hanyar Arlit ke faɗi

A wannan mako filinmu zai duba wani ma'auni da ke yawan fitowa daga bakin mahukunta da jami'an Bankin Duniya, wanda ake taƙaitawa da Faransanci da haruffa huɗu, wato FBCF. Mu kira shi da Hausa kafaffen jari. Duk wanda ya buɗe kundin lissafin ƙasashe zai tarar da abin mamaki. Tsakanin 2010 da 2022, Nijar ta riƙa zuba kimanin kashi 30 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara cikin kafaffen jari, alhali Amurka tana tsakanin kashi 18 da 22, Faransa kuwa tsakanin 21 da 25. A takarda ke nan mun fi su himma. To amma duk direban da ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas cikin waɗannan shekaru, ya ga yadda ramuka suka cinye kwalta bayan Abalak, yana da damar ya tambaya: ina jarin ya shiga?

Mene ne ake aunawa?

A ɗauki magidanci a Kalfu ko Barmu wanda ya samu dami 100 na hatsi. In iyalinsa suka ci 90, ya sayar da 10 ya sayi amalanke, ko shanun huɗa, ko ya gina rijiya a fadama, to kafaffen jarinsa na wannan shekara kashi 10 cikin 100 ne. Abin da aka ci ya wuce. Abin da aka kafa kuwa zai yi aiki baɗi da baɗin baɗaɗa. Haka ake yi wa ƙasa lissafi. Ana tara kuɗin da gwamnati da kamfanoni da magidanta suka kashe a shekara wajen gina hanyoyi, gadoji, gidaje, makarantu, masana'antu da madatsun ruwa, da sayen injuna da motocin aiki, har da dabbobin da aka ajiye don haihuwa ko tatsa ko noma. Daga nan sai a gwada jimillar da dukan arzikin da ƙasar ta samar a wannan shekara, wanda ake kira PIB. Sayen fili ba ya ciki, domin fili yana nan tun farko, hannu kawai ya sauya. Albashin malami ma ba ya ciki, ko da yake ginin ajin yana ciki.

Amfanin wannan ma'auni shi ne yana ba da damar jera babbar ƙasa da ƙarama, ko ƙasa ɗaya a zamani biyu, ba tare da girma ya rufe ido ba.

Waɗanda suka tsere wa talauci

A 1960 Koriya ta Kudu matalauciyar ƙasa ce da ke rayuwa da taimakon Amurka. Kafaffen jarinta bai wuce kashi 11 ba. Daga nan ya yi ta hawa, har ya kusa kashi 40 a 1991, kuma shekara talatin bayan haka yana nan wajen kashi 30. Japan ta riƙe sama da kashi 30 a shekarun 1960 da 1970. Ƙasar Sin ta haura kashi 40 tun kafin 2010, ta kuwa daɗe a can, abin da ba a saba gani ba wurin babbar ƙasa. A 2008 wani kwamiti ƙarƙashin jagorancin masanin tattalin arziki Michael Spence ya binciki ƙasashen da arzikinsu ya ƙaru da kashi 7 a shekara har tsawon shekara 25 ko fiye, tun daga 1950. Goma sha uku kawai aka samu, cikinsu har da Botsuwana daga Afirka. Kwamitin ya nuna cewa irin wannan ci gaba yana bukatar a riƙa zuba jarin da ya kai kashi 25 ko fiye, shekara bayan shekara.

Su kuwa Faransa da Amurka, dalilin ƙarancin nasu a fili yake. Wanda ya riga ya gina gidansa, yaɓe da gyaran rufi suka rage masa. Wanda ke kwana a bukka shi ke da aikin tubali.

Zamani uku na Nijar

Tarihin kafaffen jari a ƙasarmu ya kasu uku, kuma kowane kashi yana bin farashin wani abu da ake haƙowa daga ƙasa.

Na farko shi ne zamanin uraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ƙarfen a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978. Farashi ya haura dalar Amurka 40 kowace laba, kuɗi suka shigo baitulmali, aka kuma ƙara da bashi. Ƙarƙashin Seyni Kountché kafaffen jari ya wuce kashi 20. A lokacin ne aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka kafa tashar lantarki ta SONICHAR a Anu Araren, aka yi gandun noman rani na Ƙonni, aka gina Otal Gaweye da zauren taro a Yamai.

Na biyu shi ne zamanin tsuke bakin aljihu. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, kasuwar uraniyom ta fara sauka, har laba ta koma ƙasa da dala 10 a farkon shekarun 1990. Fari ya auka a 1984. Gwamnati ta shiga hannun Asusun Lamuni na Duniya tun 1983, bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe a 1990, sannan ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, abin da ya ninka kuɗin kowane injin da ake sayowa daga waje. Cikin waɗannan shekaru kafaffen jari ya faɗi zuwa wajen kashi 10. Jama'a kuwa ba su daina ƙaruwa ba: ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ƴan kai, ta 1988 miliyan 7 da ƴan kai, ta 2001 miliyan 11. A daidai lokacin da Koriya ke zuba kusan kashi 40, mu muna zuba rubu'in haka, muna raba shi ga bakunan da suka ninka cikin shekara 24. Wannan giɓin na kusan shekara ashirin har yau ba a gama biyansa ba.

Na uku shi ne zamanin man fetur. An yafe wa Nijar babban kaso na bashinta a 2004 da 2006. A 2008 aka ƙulla yarjejeniyar Agadem da kamfanin CNPC na ƙasar Sin, a watan Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, daga 2019 kuma aka shiga shimfiɗa bututun kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, wanda jirgin farko ya ɗauki mansa a watan Mayu 2024. Waɗannan manyan ayyuka suna cikin abin da ya ɗaga lissafinmu zuwa kashi 30.

Kashi 30 na me?

Kafin mu yi murna, akwai abubuwa uku da ya kamata mai karatu ya riƙe.

Da farko, kashi ba kuɗi ba ne. A 2022 abin da ya faɗa wa kowane ɗan Nijar daga arzikin ƙasa yana wajen dalar Amurka 600, na Bafaranshe kuwa ya haura 40,000. In aka buga, kashi 30 namu bai fi jika 100 da ɗan ɗori ga kowane mutum ba, kashi 24 nasu kuwa ya haura sefa miliyan 5. Tazarar ta kai ninki 50. Bugu da ƙari, shi kansa PIB ɗin awo ne da ake sabuntawa. A 2014 Najeriya ta sake lissafin nata, ya tashi daga kimanin dala miliyar 270 zuwa 510 cikin dare ɗaya. Nijar ma da ta sabunta nata bisa shekarar 2015, ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Duk sa'ad da aka yi haka, kason jari kan sauya a takarda ko da ba a ƙara bulo ɗaya ba. Mai gwada lissafin 1980 da na 2020 sai ya tabbata da mudu ɗaya aka auna su.

Na biyu, ba girin-girin ba, ta yi mai. Aljeriya ƙarƙashin Houari Boumédiène ta zuba sama da kashi 40 a ƙarshen shekarun 1970, fiye da Koriya ta wancan lokaci, mafi yawa cikin manyan masana'antun gwamnati irin na ƙarfe da ke El Hajar. Da farashin mai ya faɗi a 1986, aka ga masana'antun ba su iya ɗaukar nauyin kansu, kuma a watan Oktoba 1988 matasa suka cika tituna. Najeriya ta yi odar siminti tan miliyan 20 a tsakiyar shekarun 1970, har jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas a 1975. Ta fara ginin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1979, shekara arba'in suka wuce ba ta kama aikin da aka gina ta dominsa ba. Koriya kuwa ta kunna tata ta Pohang a 1973, kuma daga ƙarfenta aka ƙera jiragen ruwa da motocin da suka kai sunan ƙasar ko'ina. A kundin lissafi, kuɗin Ajaokuta da na Pohang layi ɗaya suke shiga.

Mu ma muna da namu. Layin dogo na Yamai zuwa Doso, kilomita 140 da ɗoriya, an yi bikinsa a 2016, bai zama hanyar fasinja ko kaya ba. Madatsar Kandaji an aza tubalinta a 2008, shekara 15 bayan haka ba a kammala ba. Nan arewa maso yammacin Tawa, a Salkadamna, an aza tubalin tashar lantarki mai aiki da gawayin ƙasa a 2014. Da Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana a watan Agusta 2023, tashar ba ta nan balle ta agaza. Shi kuma bututun mai, jari ne na gaske, yana kawo kuɗin shiga ga baitulmali. Sai dai abu ɗaya yake ɗauka, daga rijiya zuwa teku. Mai albasar Galmi ko mai raƙuman Cintabaraden ba shi da inda zai ɗora kayansa a kansa.

Harafin da ake mantawa

Abu na uku shi ne ya fi shafar Adar. Harafin B cikin FBCF yana nufin ba a cire abin da ya tsufa ko ya lalace ba. Kamar makiyayi ne ya ƙidaya maruƙan da aka haifa masa bana, bai cire shanun da suka mutu ba.

Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar uraniyom, an gina ta tsakanin 1976 da 1980. Tsawonta ya haura kilomita 600, ta bi ta Tabalak, Abalak da Agadas. Ranar da aka gama ta, ta shiga lissafi da cikakken kuɗinta. Amma a shekarun da manyan motoci suka riƙa nuƙe ta, ruwan damina yana cin gefenta, rairayi yana rufe ta, babu shafin da ya nuna wa jama'a cewa dukiyar ƙasa tana raguwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin da buhun siminti kaɗan da kwalta za su toshe bana, in aka bar shi shekara biyar sai an tone hanyar tun daga tushe. Haka kuwa aka yi. A yarjejeniyar watan Mayu 2014 kamfanin Areva ya amince ya ba da yuro miliyan 90, wato kimanin sefa miliyar 59, don sake gina wani sashe nata. Abin lura a nan shi ne, gyaran yau da kullum ba ya shiga lissafin kafaffen jari, amma sake gini yana shiga. Ke nan ƙasar da ta kula da hanyarta sau ɗaya za ta rubuta ta, wadda ta bar tata ta mutu kuwa sau biyu za ta rubuta, har ta fi waccan kyan alƙalami.

Koriya ta buɗe babbar hanyar Seoul zuwa Busan, kilomita 428, a 1970, shekara goma kafin tamu. An yi ta cikin gaggawa, ta kuma sha gyara, amma ba a taɓa barin ta ba, domin masana'antu sun jeru a gefenta, kuɗin masu bi kuma yana komawa kanta.

Ba hanya kaɗai ke tsufa ba. Madatsar Ibohaman ta ƙasar Keita laka ta cike cikinta, ruwan da take riƙewa ya ragu. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe garkunan arewacin Adar da Azawak, wato jarin dubban iyalai, kuma lissafin da muke magana a kai ba ya rage asara irin wannan.

Jarin da alƙalami bai cika gani ba

Sai dai Adar tana da wani labari na daban, wanda ya faru a daidai lokacin da lissafin ƙasa ke ƙasa-ƙasa. A 1984 aka fara furojen Keita, da kuɗin Italiya, da kulawar hukumar FAO, da abincin da hukumar PAM ke bai wa ma'aikata. Da yake maza sun tafi biɗa, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. Cikin shekara ashirin aka farfaɗo da sama da hekta 30,000 na fako da tudu, aka dasa itatuwa kimanin miliyan 18, aka yi hanyoyin karkara sama da kilomita 300, ban da rijiyoyi da ƙananan madatsu. Kafin wannan, tun 1975, an fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1989 kuma wasu manoman ƙasar Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo da dabarar tassa: a haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, ruwan sama ya taru, hatsi ya fito inda ko ciyawa ba ta yi. Dabarar ta bazu daga gona zuwa gona, har fakon da da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa a kewayen Badagishiri.

A ƙa'ida gyaran ƙasa irin wannan kafaffen jari ne. Amma manomin da ya haƙa tassa da hannunsa bai karɓi rasit ba, don haka da wuya guminsa ya isa teburin masu ƙididdiga yadda ya kamata. Duk da haka jarin nasa yana da abin da hanyar uraniyom ta rasa: mai shi yana kusa, yana cin amfaninsa, kuma in dutse ya goce shi zai mayar. Inda aikin ya zama na kowa da kowa, kamar wasu madatsu da tuddan kiwo, can ne aka fi ganin lalacewa bayan furoje ya tashi.

Koriya ta gane wannan da wuri. A 1970 zuwa 1971 gwamnatin Park Chung-hee ta raba wa ƙauyuka sama da 33,000 siminti buhu 335 kowanne, ta ce su yi aikin gayya da shi. Waɗanda suka yi abin kirki aka ƙara masu siminti da ƙarfe a shekara ta gaba. Ba a raba babban jari da ƙarami ba, tare aka tafi da su.

Akwai kuma kuɗin ƴan biɗa. Adarawa sun daɗe suna tafiya Abijan, Legas, Kamaru da Libiya, kuma duk mai yawo a unguwannin Tawa ya san gidajen siminti da benaye da shagunan da gumin can ya gina. Gida kafaffen jari ne, yana cikin lissafi. Tambayar ita ce, me ya sa kuɗin ke tsayawa a gida da fili, ba su cika shiga injin niƙa, rumbun adana albasa ko wurin sarrafa fata da nono ba? Ɗan kasuwa ba wawa ba ne. Inda wuta ke ɗaukewa, hanya ta lalace, bashin banki kuma ya yi tsada, bulo ya fi inji kwanciyar hankali. Jarin gwamnati mai kyau shi ne wanda ke jawo na talaka ya fito daga ɓoye. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki tun shekarun 1960 da ƙarfin tan 40,000 a shekara, sabuwar da aka gina a wurin kafin 2020 tana iya yin tan 650,000. Ko ita ribarta tana rataye da wuta da hanya.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Botsuwana ta samu ƴancin kai a 1966 da kwalta kimanin kilomita 12 a duk faɗin ƙasar, ba ta da teku, mafi yawanta hamada ne. Ma'adinin lu'ulu'unta na Orapa ya fara aiki a 1971, shekarar da Arlit ta fara. Ta kafa wa kanta ƙa'ida cewa kuɗin ma'adini su tafi ga gine-gine da ilimi da lafiya, ta kuma ajiye rara don ranar wuya. Faɗuwar kasuwar lu'ulu'u a 2024 ta girgiza ta, amma ta same ta da hanyoyi da makarantu a tsaye. Koriya, wadda ta fara da kuɗin taimako, ta ɗaga ajiyar cikin gida har sama da kashi 30 kafin 1990, ta riƙa gini da nata. Mu kuwa babban kason jarinmu daga waje yake zuwa, kyauta ko bashi ko kuɗin kamfanonin haƙo. Shi ya sa yake hawa in farashi ya hau, ya tsaya cak in siyasa ta rikice, kamar yadda aka gani bayan juyin mulkin 1996 da 1999 da 2023. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, in aka sake karanta mana cewa kafaffen jarin Nijar ya kai kashi kaza, kada mu tsaya ga lambar. Mu tambayi shekara nawa za a iya riƙe ta, da kuɗin wa, kuma aikin wa abin da aka gina zai sauƙaƙa. Musamman mu tambayi majalisun jaha da na gari, duk ranar da aka zo aza tubali: nawa aka ware don gyara, wa zai riƙe kuɗin, wa za a tuhuma in abin ya mutu? Birnin Tawa ya samu tituna da gine-gine a bikin Tawa Sakola na Disamba 2017. Kuɗinsu sun riga sun shiga kundi tun wancan lokaci. Ko sun zama dukiya, wannan sai a duba kasafin gyaran da gari ke yi kowace shekara, da halin da magudanan ruwa ke ciki in damina ta sauka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.